Kwamfutata ta maƙale a “Automatic Repair”, mai gyara ya ce sai fomat

Tambaya: “Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne, ni ke haɗa sakamakon jarrabawar aji uku a laftof ɗina. Ta hannu na saya, Windows 10 ce a kanta, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da caja take aiki. Shekaranjiya da dare tana cikin ofdet, ta kai wajen kashi 30, aka ɗauke wuta ta mutu. Tun daga nan in na kunna sai ta rubuta ‘Preparing Automatic Repair’, sai ‘Diagnosing your PC’, daga nan ta kawo shuɗin shafi ta ce ta kasa gyarawa. In na kashe na kunna haka za ta maimaita. Dama kwanakin baya ta ɗan yi nauyi, wani lokacin takan daskare in ina buɗe fayil. Na kai wa wani mai gyara ya ce babu magani sai fomat. Sakamakon yara yana ciki, ba ni da kwafi a ko'ina, ga shi mako mai zuwa za a ba da rifot. Don Allah mene ne abin yi?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya kawo mafita. Abu biyu zan fara roƙonka kafin mu shiga bayani: kada ka bari a yi wa kwamfutar nan fomat tukuna, wato a goge komai a sake ɗora Windows, kuma ka daina kunna ta kana kashewa da fatan ko za ta huce ta tashi.

Yadda na fahimci saƙonka, matsala biyu ce ta haɗe maka. Ga Windows da ta ƙi tashi, ga kuma sakamakon yara a kulle a ciki. Ta farkon ce ta cika maka ido saboda ita kake gani a allo, amma a wurina ta biyun ce gaba. Windows ko da safe aka goge ta, kafin la'asar an ɗora wata. Makin da ka kwana kana shigarwa ɗaya bayan ɗaya kuwa, in ya tafi babu kasuwar da za ka sayo shi. Mai gyaran nan bai yi maka ƙarya ba, fomat na iya tayar da ita. Sai dai shi kwamfuta mai tashi yake son miƙa maka, kai kuma fayil kake nema.

Abin da ke faruwa in ka danna maɓallin kunnawa

Tashin kwamfuta miƙa-miƙa ne, irin yadda leburori ke miƙa bulo daga hannu zuwa hannu a wurin gini. 'Yar manhajar da ke kan bod (farantin da sassan kwamfuta ke haɗe a kai), wadda muke kira BIOS, ko UEFI a na zamani, ita ke fara farkawa ta duba kayan aiki. Sai ta nemi wani ɗan ƙaramin sashe a rumbun ajiya, wato had-dis, inda mai tayar da Windows yake zaune tare da wani kundi da ake kira BCD. Kundin ne ke faɗin inda Windows take. Daga nan a ɗauko zuciyar Windows, a karanta rajista, wato kundin saitunan Windows, a loda direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke magana da dis da sauran sassa, sannan ne kake ganin wurin saka fasuwod. Duk inda bulon ya suɓuce a wannan layi, gini ya tsaya.

Microsoft ta tsara cewa in Windows ta kasa tashi sau 2 a jere, sai a shiga wata 'yar ƙaramar Windows ta daban da aka ajiye don irin wannan rana, sunanta WinRE. Ita ce ke yi maka rubutun da kake gani. Tun zamanin Windows Vista ake da wannan tsari, masu Windows 7 sun san shi da “Startup Repair”. Gwaje-gwajen da take yi ƙididdigaggu ne: ta leƙa dis sama-sama, ta duba BCD, ta duba wasu fayilolin tashi. In cutar tana cikin waɗanda ta sani sai ta gyara, wani lokacin ba ka ma lura ba. In ba ta ciki sai ta ce ta kasa, ka sake kunnawa, Windows ta sake faɗuwa daidai inda ta faɗi, a sake kiran mai gyaran da ya riga ya kasa. Zagayen ke nan. Kamar zazzaɓi yake, na sauro yana kawo shi, taifot ma yana kawo shi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai abin kwantar da hankali a ciki. Ita WinRE a kan rumbun ajiyarka take zaune. Tunda har ta iya tashi ta yi maka rubutu, bod yana aiki, allo yana aiki, kuma ana iya karanta dis ɗin ko da ba dukkansa ba.

Abubuwan da nake zargi a labarinka

Na farko a fili yake. Lokacin da Windows ke nuna maka kashi kaza na ofdet, tana cire tsofaffin fayilolinta ne tana sa sababbi, tana kuma rubutu a rajista. Kwamfuta mai lafiyayyen batir ba ta ma sanin an ɗauke wuta. Taka kuwa tamkar fizge ta aka yi daga soket. Sai aka bar ta da rabi sabo rabi tsoho, da jerin ayyukan da za ta ƙarasa a tashi na gaba amma ta kasa. In wannan ne kaɗai, gyaransa ba ya taɓa fayilolinka.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai, kuma a wuce ka faɗe shi: wai dama ta yi nauyi, tana daskarewa in kana buɗe fayil. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ma yana kawo shi. Amma daskarewa daidai lokacin buɗe fayil, a kwamfutar hannu da ba mu san shekara nawa dis ɗinta ya yi yana juyi kafin ta iso gare ka ba, alama ce da ba na rainawa. Had-dis na gargajiya faifai ne da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana karatu da rubutu. In ya tsufa, wasu gurabe a kan faifan sukan daina karantuwa. Kwamfuta ta yi ta nanata karanta gurbi ɗaya, kai kuma ka ga ta daskare. Ofdet aiki ne mai yawan rubutu, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya ƙarasa dis ɗin da dama yake tangal-tangal. Dalilin da ya sa na ce ka daina kunnawa da kashewa ke nan. Kowane zagaye na “Diagnosing your PC” wahalar da dis ɗin yake, kuma in yana gargara, ɗan numfashin da ya rage masa gara a yi amfani da shi wajen kwaso sakamakon yara.

Na uku ba a cika tuna shi ba. A kan bod akwai wani ɗan batir mai kama da sulalla, CR2032 a da yawansu, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. In babban batir ya mutu, ƙaramin ma ya ƙare, to da an ɗauke wuta saitin na iya komawa yadda ya fito daga kamfani. A ciki akwai saitin hanyar da kwamfuta ke magana da dis, ko RAID ko AHCI. Wasu kwamfutocin ofis a kan RAID suke fitowa, wanda ya sayar maka kuma ƙila ya mayar da ita AHCI kafin ya ɗora Windows. Da saitin ya koma, Windows da lafiyarta za ta farka ta tarar an canza mata hanyar zuwa ɗakinta. An sha kawo mini irin wannan ana cewa dis ya mutu, in mayar da saiti ɗaya ta tashi.

A fara kwashe kaya

Kafin ma ka taɓa kwamfutar, ɗauki wayarka. In da asusun Microsoft kake shiga Windows, shiga OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ka duba, domin sau da yawa tana kwafe Desktop da Documents mai kwamfutar bai sani ba. Duba imel da WhatsApp kuma, ko ka taɓa tura wa shugaban makaranta ko wani malami fayil ɗin, ko da tsohon kwafi ne.

In babu, nemi filash. A shuɗin shafin nan zaɓi “Advanced options”, sai “Troubleshoot”, sai “Advanced options” kuma, sannan “Command Prompt”. Za ta iya tambayar fasuwod ɗinka na Windows. Baƙin akwati zai buɗe, kada ya tsorata ka. Rubuta notepad ka danna Enter. In Notepad ta buɗe, je “File” ka zaɓi “Open”. Wannan tagar da ake zaɓen fayil ita muke so, don tana nuna maka duk abin da ke cikin kwamfutar. A ƙasa inda aka rubuta nau'in fayil, mayar da shi “All Files”, in ba haka ba fayilolin Excel ba za su bayyana ba, ka ɗauka sun ɓata alhali suna nan. Shiga “This PC”. A nan haruffa sukan canza: dis ɗin da ka saba gani a C yana iya zama D ko E, shi kuma X na WinRE ne, babu kayanka a ciki. Nemi wanda ke da folda mai suna Users, shiga sunanka, sai Desktop ko Documents. Danna dama a kan fayil, zaɓi “Copy”, koma filash ka yi “Paste”.

Fara da sakamakon yara shi kaɗai. Kada ka ce bari ka kwashe komai lokaci guda, hotunan biki da bidiyo su jira. Wannan taga ba ta nuna ci gaban kwafi, za ka ga kamar ta daskare, ka yi haƙuri ka bar ta. Kuma kada ka danna fayil ɗin sau biyu, Notepad za ta buɗe shi a matsayin shirme, in ka yi kuskuren adanawa ka lalata shi. In ka gama, kai filash ɗin wata kwamfutar ka buɗe fayil ɗin da idonka ka ga makin. Sai ka gani sannan za mu ce ya tsira.

In da ka zaɓi “Command Prompt” ta nemi wasu lambobi 48, to an kulle dis ɗin da BitLocker ne. Makullin yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, ana ganinsa ta waya a shafin asusun, ƙarƙashin na'urori. In da asusun mai shagon da ya sayar maka aka shiga, makullin yana wurinsa, sai ka koma ka roƙe shi. A nan hannuna ya tsaya: in babu lambobin nan, ni ba zan iya buɗe dis ɗin ba, kuma duk wanda ya ce zai fasa maka kuɗinka kawai zai ci.

In hanyar Notepad ta ƙi, akwai biyu da suka fi ta ƙarfi. Ko a tayar da kwamfutar da filash mai ɗauke da Ubuntu, wata manhaja mai aiki irin na Windows, a zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba, a kwashe fayilolin daga nan. Ko a cire dis ɗin a saka shi a kwanson USB a haɗa da wata kwamfuta. Wannan ta ƙarshen ita na fi yi a shago, kuma ita ya kamata mai gyaranka ya yi kafin ya ambaci fomat. In ka koma wurinsa ka ce masa a fili: a ciro dis a kwashe mini kayana a gabana, sannan mu yi maganar gyara.

Gwada lafiyar dis kafin a ba shi magani

Yawancin laftof suna da gwajin kansu wanda bai dogara da Windows ba. A HP, da ka kunna ka yi ta danna Esc, sannan F2. A Dell, F12 ne, sai ka zaɓi “Diagnostics”. Gudanar da gajeren gwajin dis, mintuna kaɗan ne, sai na RAM. In HP ta nuna maka kuskure mai lamba 301, ko Dell ta nuna 2000-0142, dis ɗin ne da kansa ke shaida yana mutuwa. To tsaya nan, duk gyaran da zan faɗa a ƙasa ba naka ba ne, sabon dis kake buƙata. Ka kasa kunne kuma. Ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa daga cikin kwamfutar mummunar alama ce, kashe ta nan take. In SSD ne a ciki, wato dis na zamani marar faifai mai juyawa, ba za ka ji ƙara ba, amma shi ma in ya gaji yakan kulle kansa ya yarda a karanta ya ƙi a rubuta, Windows kuwa ba ta tashi a kan dis ɗin da ba ta iya rubutu a kansa.

Ina nanata wannan ne saboda na taɓa yin kuskuren da hannuna a farkon shigata sana'ar. An kawo mini kwamfuta da irin wannan zagaye, ban kwashe komai ba, ban gwada dis ba, na sa mata umarnin gyaran dis na chkdsk mai bin kowane gurbi na bar ta ta kwana tana yi. Da safe BIOS ma ba ta ganin dis ɗin. Fayilolin da jiya da yamma zan iya kwafewa cikin minti 10 suka tafi. Har yau ina tuna fuskar mai ita lokacin da nake yi masa bayani, kuma tun ranar ba na sa umarnin gyara a kan dis ɗin da ban kwashe ba.

Kana nan a wajen, shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, ka dubi kwanan wata. In ka ga ta koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan ya ƙare, kuma zargina na uku ya yi ƙarfi. Nemi inda aka rubuta “SATA Operation” ko “SATA Mode”, nan ne saitin RAID da AHCI yake. Ɗauki hotonsa da waya yadda yake, canza shi zuwa ɗayan, adana, gwada tashi. In bai yi ba mayar da shi yadda ka same shi. In gwajin RAM ne ya faɗi, a cire ta a goge ƙurar a mayar, a gwada ɗaya-ɗaya in biyu ne. Bayan hunturu muna yawan ganin wannan.

In dis lafiya lau yake

Yanzu ne za mu fuskanci Windows, kuma daga mai sauƙi ake farawa. Cire duk abin da ke maƙale da kwamfutar, filash, maus, firinta, katin ajiya. Cire caja, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, mayar da caja, kunna. Ka tabbata wutar da za ka yi aikin da ita tsayayya ce, in da hali a inda ake da sola ko inbata, don sake ɗaukewa a tsakiyar gyara zai ƙara dagula lamarin.

A irin labarinka, abin da zan fara taɓawa shi ne “Uninstall Updates” a cikin “Advanced options”. Zaɓi cire “latest quality update”, wato ƙaramin ofdet na wata-wata. In ba shi ba ne, gwada na “feature update”. Bayansa sai “System Restore”, wanda ke mayar da fayilolin Windows da rajista zuwa wata rana ta baya ba tare da ya taɓa takardunka ba. Kada ka yi mamaki in ta ce babu ranar komawa, a kwamfutoci da yawa a kashe yake.

Daga nan “Startup Settings”, danna “Restart”, jerin lambobi zai fito. Kowa 4 yake gaggawar dannawa, amma ni 9 nake fara dannawa. Ita ke hana kwamfutar sake kunna kanta in ta faɗi, sai shuɗin allon da ke wucewa kamar walƙiya ya tsaya ka karanta sunan cutar a ƙasansa. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana nuni ga saitin SATA ko direban dis. UNMOUNTABLE_BOOT_VOLUME tsarin fayilolin dis ne ya hargitse. BAD_SYSTEM_CONFIG_INFO galibi rajista ce ko BCD. MEMORY_MANAGEMENT kuwa a koma a sake duba RAM. Wannan layi ɗaya ya fi mini amfani a kan awa guda na lalube.

Sannan 4, wato “Safe Mode”, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi. In ta shiga, rabin aiki ya ƙare. Duba ko dis ya cika maƙil, don ofdet ba ya ƙarasawa in babu fili, kuma ƙananan kwamfutoci masu gigabayit 32 sun sha faɗawa wannan rami. Cire duk wata manhajar kariya ko direba da aka saka kwanan nan. Don ka ga yadda abu ƙarami ke jawo wannan: ranar 19 ga Yuli 2024, wani gurɓataccen ofdet na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya jefa kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, cikin shuɗin allo da zagayen tashi. Filayen jirgin sama da bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Maganin da aka bayar shi ne a shiga “Safe Mode” a goge fayil ɗaya tak.

Shuɗin shafin naka ƙila ya ambaci wani fayil mai suna SrtTrail.txt. Mutane da yawa suna ɗauka shi ne ya lalace har su je neman yadda za a goge shi. Rahoton binciken da WinRE ta yi ne kawai. Buɗe shi da Notepad a cikin Windows\System32\Logfiles\Srt ka nemi layin “Root cause found”. Wani lokacin yakan faɗi sunan fayil ɗin da ya lalace, wani lokacin kuma babu abin kirki a ciki.

In duk waɗannan ba su yi ba, sai umarni a baƙin akwati. Zan ɗauka Windows ɗinka ta bayyana a D, kai ka sa harafin da ka gani a taka. Na farko shi ne wanda ya fi dacewa da ofdet ɗin da aka katse, domin cewa yake Windows ta janye ayyukan da ta bari a rataye:

dism /image:D:\ /cleanup-image /revertpendingactions

Bayansa kashe ka kunna. In ba ta tashi ba, dawo ka gyara tsarin fayiloli:

chkdsk D: /f

Lura, /f na ce, ban ce /r ba. Na biyun ne ke bin kowane gurbi na tsawon sa'o'i. Sai kuma duba fayilolin Windows kansu:

sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows

In alamu sun nuna BCD ne, a kwamfutar UEFI ana shiga diskpart, manhajar sarrafa sassan dis, a nemo ɗan sashen nan mai tsarin FAT32, a ba shi harafi, misali S, a fita, sannan a rubuta:

bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI

Wannan na ƙarshen, Malam, in ba ka saba ba gara ka zauna kusa da wanda ya saba ya yi. A cikin diskpart akwai kalma ɗaya, clean, da ke share taswirar dis gaba ɗaya ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba.

Shawarwarin intanet da zan hana ka bi

Za ka ci karo da bidiyo da yawa da ke cewa ka kwafe fayiloli daga folda mai suna RegBack ka zuba a kan rajista. A da dabara ce mai kyau, ni ma na ci moriyarta a zamanin Windows 7. Amma tun daga Windows 10 ta 1803, wadda ta fito a 2018, Microsoft ta daina ajiye kwafin rajista a wurin kai tsaye. Fayilolin da ke ciki ko babu su, ko girmansu sifili ne. Wanda ya zuba fanko a kan rajistarsa ya kashe Windows ɗin da a da ake iya cetowa.

Haka jerin umarnin bootrec da ake yaɗawa. Wasunsu na tsofaffin kwamfutoci masu tsarin MBR ne, a na zamani ɗaya daga ciki yakan amsa da “Access is denied”, mutum ya ruɗe ya shiga goge sassan dis. Akwai kuma masu cewa a kashe “Automatic Repair” gaba ɗaya da umarnin bcdedit. Wannan yana ɓoye zagayen ne kawai, abin da ya hana Windows tashi yana nan, kuma lamba 9 ɗin da na faɗa ta ishe ka ganin sunansa. Batun saka had-dis a firiza kuwa, ko buɗe murfinsa a shago a taɓa faifan, kada ka yarda ko kusa. Dis ɗin da ke ƙas-ƙas aikin masu ɗaki na musamman ne wanda ƙura ba ta shiga, ni ba ni da shi, kuma kuɗinsa ya kan fi kuɗin kwamfutar.

In ta ƙi tashi duk da haka

“Reset this PC” da zaɓin “Keep my files” yana sake ɗora Windows ya bar takardunka, amma duk manhajojin da ka saka za su tafi, har da Office. Yakan kuma kasa a tsakiya in Windows ɗin ta lalace sosai, shi ya sa ba na yinsa sai kaya suna kan filash. Ana kuma iya haɗa filash ɗin ɗora Windows, na gigabayit 8 ya isa, a ɗora a kan sashen da tsohuwar take ba tare da an goge shi ba. Tsofaffin fayiloli za su koma folda mai suna Windows.old.

Da kwamfutata ce, kuma da wannan tarihin nauyi da daskarewa, ko gwajin dis ya ce lafiya ba zan sake amincewa da shi ba, don gajeren gwaji yakan wuce dis ɗin da ya fara lalacewa. Zan sayi SSD, ko na gigabayit 256 ne, in ɗora sabuwar Windows a kansa, tsohon dis ɗin in saka shi a kwanson USB yadda yake. Ta haka babu abin da aka goge, duk ranar da ka tuna wani fayil yana nan, kuma saurin da kwamfutar za ta yi zai ba ka mamaki. Tunda za a ɗora sabuwa, a duba ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025.

Batirin kuma dole a canza shi, babban da ƙaramin. Muddin da caja kaɗai take rayuwa, duk ɗaukewar wuta caca ce da dis ɗinka. Kafin ka samu kuɗin, dakatar da ofdet daga saiti, Windows 10 tana yarda har kwana 35, ka riƙa sakinsa sai kana inda wuta ba ta yankewa.

Ban ga kwamfutar ba, ban ji ƙararta ba, don haka duk abin da na faɗa zato ne da na gina a kan labarinka, kuma a cikin ukun nan biyu na iya haɗuwa. Turo mini abu uku in ka samu dama: abin da gwajin dis ya ce, sunan kuskuren da ya fito bayan ka danna 9, da kwanan watan da ka gani a BIOS. Da su zan iya gaya maka wanne ne. Amma kada rifot ɗin yara ya jira gyaran nan. Da zarar fayil ɗin ya hau filash ka buɗe ka ga makin, ari kwamfutar makaranta ko ta wani abokin aiki ka ƙarasa aikinka a can, ka kuma tura wa kanka kwafi ta imel a daren.